Hoton da Yaya Bai Aika Ba

Yayana mai hoto ne. Idan ka shiga layin da shagonsa yake ka tambaye shi da ainihin sunansa, sai an yi ta kallon juna kafin a gane wanda kake nufi. Amma ka ce Kar-a-motsa, ko mai facin taya na bakin titi zai nuna maka ƙofar da baki, ba sai ya ɗaga hannu ba. Sunan daga bakinsa ya fito. Shekara arba'in ke nan yana tsayawa bayan kyamara, ido ɗaya a rufe, yana cewa, "To, kar a motsa." Sai mutum ya ƙame, wuya ya sage, murmushi ya bushe a fuska, shi kuwa bawan Allah bai danna ba.

Ni ƙanwarsa ce, ni nake bi masa, kuma shagon ɗinkina yana kallon nasa, titi ne kawai a tsakaninmu. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin 'yan gulma na tsinto shi ba. Wanda ban gani da idona ba, shi ya ba ni labarinsa da kansa, guntu-guntu, don Yaya ba ya ba da labari gaba ɗaya, sai ka yi ta tatsa.

A wurin wani tsoho ya koyi aikin, tun zamanin fim, lokacin da ake wanke hoto a ɗaki mai jar fitila a shanya a igiya kamar kayan jarirai. Tsohon nan shi ya ɓata mana shi, Allah ya jiƙansa. Ya koya masa cewa fim ba ya yafiya, in ka danna ka danna, babu gogewa. Don haka ba a dannawa sai komai ya zauna daidai: haske, inuwa, kafaɗa, haɓa. Zamani ya juya, fim ya tafi, aka kawo kyamarar da za ka danna sau ɗari ka goge wanda bai yi maka ba, amma yatsan Yaya bai samu labari ba.

In ka shiga shagonsa zai zaunar da kai a kujera marar majingina, ya kama haɓarka da yatsa biyu ya ɗan karkata ta, ya koma ya leƙa, ya dawo ya janye fitila taku ɗaya, ya buɗe labulen taga, ya sake rufe rabinsa. Na ga ranar da wata mata ta kawo jaririnta, yaron ya yi barci ya farka ya sake yin wani, ba a ɗauka ba. Amma fa a faɗi gaskiya, in hoton ya fito sai ka yafe masa. Akwai wani direban tanka da ko mahaifiyarsa ba ta taɓa ce masa kyakkyawa ba. Yaya ya ɗauke shi, mutumin ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ka tabbata ni ne?"

Labulen baya uku gare shi. Ɗaya na kantar littattafai, don ɗalibai da masu son a ce sun yi karatu. Ɗaya na lambun furanni. Na ukun shi ne mai farin jini, na teku. Wani mai zanen allunan shaguna ne ya kwaikwayo masa shi daga wata tsohuwar kalanda ta ƙasar waje: shuɗin ruwa, ƙananan jiragen kamun kifi, da wata farar hasumiya mai fitila a kan dutse. Rabin mutanen garinmu sun tsaya a gaban tekun nan da takalmansu a bushe, mu da ko babban kogi ba mu da shi.

A shagon ya haɗu da matarsa. Ta zo ɗaukar ɗan ƙaramin hoton nan da ake maƙalawa a takardar neman aikin koyarwa. Aikin minti biyar ya kai su awa guda. Lokacin ina koyon ɗinki a shagon da ya zama nawa yanzu, ina leƙe na ga ta fito tana murza wuya tana dariya ita kaɗai, na ce a raina, to, an kama Yaya. Bayan wata bakwai aka yi aure. Kowa Malama yake ce mata, har ni, ita kuma Mai hoto take ce masa.

Ku riƙe wannan da kyau. Ɗan hoton nan mai farin bango, wanda bai kai faɗin akwatin ashana ba, shi ne kaɗai hoton da Yaya ya taɓa ɗaukar matarsa a shekara goma sha tara.

Ba don ba ya son ta ba ne. Wayyo, son ne ma ya jawo. A ganinsa kowa zai iya haƙuri da hoto mai kyau, amma Malama sai wanda ya fi kowane. Takan ce, "Mai hoto, yaushe ne layi zai zo kaina?" Sai ya ce, "Bari a samu rana mai haske." Akwai ranar da ta yi niyya sosai. Ni na ɗinka mata rigar, koriya mai ɗan aiki a wuya, ta sa 'yan kunne, ta tsallaka titi ta zauna a gaban labulen teku. Ya karkata haɓarta, ya ja da baya, sai ɗaya daga cikin fitilun ta ƙone. Ta ce ya ɗauka da ɗayar mana. Ya ce haba, rabin fuskarta zai shiga inuwa, ta bari ya sayo ƙwan fitila. Ta dawo shagona tana cire 'yan kunnen tun daga tsakiyar titi, tana dariya, na taya ta. Ban san cewa irin wannan dariyar tana da ranar ƙarewa ba.

Haka zancen teku. Yaya ya bi diddigi har ya gano garin da ke jikin kalandar, ya yi mata alkawarin zai kai ta ta ga hasumiyar da idonta. Suka yi fasfo. Bana an ce damina ce a can, baɗi aiki ya yi yawa, wata shekarar kyamararsa ba ta isa irin wannan tafiya ba. Fasfon Malama ya ƙare wa'adinsa a cikin akwati, ko tambari ɗaya babu a ciki. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma kada wani ya ce wannan ne ya raba su. Ba shi ba ne.

Abin da ya raba su, mahaifiyar Malama ce ta kwanta ciwo, aka dawo da ita gidan Yaya don jinya. Wata huɗu ta yi. Wata ranar hutu da hantsi tsohuwar ta ɗan ji ƙarfi, ta zauna a tsakar gida, Malama tana taje mata kai. Malama ta ce, "Mai hoto, ɗauko kyamara ka ɗauke ni da Inna." Ina wurin, na kai musu lemo. Yaya ya dubi tsohuwar, ya dubi sama, ya ce cikin tausayi, wallahi cikin tausayi ya faɗa, "Ki bari ta ƙara samun sauƙi, fuskarta ta ciko. Ba na son a tuna da ita a rame." Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu.

Malama ba ta yi masa faɗa ba. Da ma ta yi. Wata biyu tana dafa abinci tana zuwa makaranta tana amsa gaisuwa, rannan ta haɗa akwati biyu ta koma gidan yayanta, ta ce tana son ta yi tunani. Yaya ya je biko ya fi sau goma. Takan fito ta gaishe shi da ladabi, ta kawo masa ruwa, ta ce tana nan tana tunani. Wata biyar aka yi a haka. Ina kallonsa daga shagona yana zubewa, wandunansa duk sai da na rage musu ƙugu. Wani lokaci zai buɗe shago ya zauna a kujerar masu ɗaukar hoto, ya juya wa titi baya, ya zuba wa labulen teku ido har la'asar.

Rannan ya tsallako ya ce da ni ya sabunta fasfo, ya sayi tikiti, jibi zai tafi garin hasumiyar nan, kwana goma. Na ajiye almakashi na ce, "Kai da wa?" Ya ce shi kaɗai. Ya ce in ya ƙara sati a shagon nan zai haukace.

Ban tsaya rufe shago ba na nufi wajen Malama. Na same ta tana duba littattafan ɗalibai. Da na gaya mata sai ta rufe jan biron. Can ta buɗe jakarta ta zaro wata takarda ta miƙo mini. An ba ta canjin wurin aiki zuwa wata makaranta a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda, in tana so. Sai dai ta sa hannu ta mayar kafin ƙarshen wata, wato kwana goma sha ɗaya daga ranar.

Na ce, "Malama, za ki sa?"

Ta ce, "Ban sani ba. Ki ce masa ya aiko mini da abin da ya gani a can. Ko mene ne. Ba na neman mai kyau. In ya aiko kafin ranar, zan yaga wannan in koma ɗakina."

Na miƙe da murna, na ce ai wannan mai sauƙi ne. Sai ta riƙo hannuna ta ce, "Amma ki rantse ba za ki gaya masa zancen takardar ba. In ya sani zai aiko don tsoro. Ni so nake in ga ko zai iya danna abin nan sau ɗaya ba tare da komai ya zama daidai ba."

Na rantse. Ni da bakina na rantse, ina ganin me ya fi wannan sauƙi? Mutum zai je bakin teku da kyamara da waya. A tashar motar da za ta kai shi filin jirgi na maimaita masa saƙon sau uku, kalma bayan kalma, har da "ba na neman mai kyau". Idonsa ya kawo ruwa. Ya rungume jakar kyamararsa ya ce, "Zan aiko mata da abin da ba ta taɓa gani ba." Tun a nan ya kamata gabana ya faɗi.

Cikin ruwan sama jirginsu ya sauka. Daga nan ya shiga bas ta awa huɗu, gilashi duk ya yi gumi, ba ya ganin komai sai fitilun motocin da ke tahowa. Masaukin ɗan ƙaramin gida ne mai hawa biyu na wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Ba ta jin yarensa, ba ya jin nata, da hannu suke magana. Ta kai shi ɗakin sama, ta ja labule, ta nuna taga da alfahari. An ce daga tagar nan ana hango hasumiyar. Yaya ya ce abin da ya gani kawai fari ne, gajimare ya sauko har ƙasa ya haɗe da ruwa, ba ka sanin inda sama ta ƙare. Tekun kuwa yana nan, yana jin rurinsa kamar babbar mota tana wucewa ba ta ƙarewa, amma ko tafin hannu bai gani ba.

Washegari ya sayi laima ya fita. Kafin ya kai ƙarshen layi iska ta juye ta, ƙarafunan suka miƙe sama. Hanyar da ke hawa zuwa hasumiyar an gitta mata jar igiya, jiragen da ke kai baƙi yawo duk an janye su an kife a kan tudu. Shaguna rabi a rufe. Ya dawo jiƙe sharkaf, tsohuwar ta karɓi takalmansa ta cusa musu tsofaffin jaridu ta ajiye kusa da murhu. Ya ce har ya baro ƙasar takalman nan ba su bushe ba.

Daga nan sai ya tsara wa kansa aiki. Kullum da safe zai sha shayi da burodi, ya hau sama, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta a bakin taga, ya goge gilashinta, ya saita ta daidai inda tsohuwar ta nuna masa cewa hasumiyar take, ya ja kujera ya zauna. Yana jiran rana. Mutumin da ya bar shago don kada ya haukace da kallon labule, ya ƙetare ƙasashe ya je ya zauna yana kallon farar taga.

Kullum da azahar nake kiransa. Rana ta biyu na ce, "Yaya, ka aika?" Ya ce ana ruwa. Rana ta huɗu ya ce har yanzu. Rana ta shida na daina lallashi.

Na ce, "To ka ɗauki ruwan mana! Ka ɗauki tagar! Ka ɗauki takalminka, ka ɗauki kofin shayi, ka ɗauki tsohuwar! Ba waya ce a hannunka ba?"

Ya ce, "Waya? Ke ba ki san aikin nan ba."

"Ni ban san aiki ba? Sau nawa nake yanka yadi ya karkace in gyara in ci gaba? Wa ya taɓa tafiya tsirara don yana jiran ɗinki marar aibu?"

Ina jin ruwa yana dukan gilashi ta cikin wayar. Sannan ya ce a hankali, "Shekara goma sha tara tana jira na. Na hana ta hoto da Innarta. Yanzu kuma abin da zan fara aika mata farin bango ne? Ta cancanci rana, ƙanwata. Gobe in Allah ya so za ta fito."

Wallahi maganar ta zo mini har kan harshe. Kalma nawa ce? Akwai takarda, za ta tafi. Na buɗe baki, na tuna rantsuwa, na tuna hannun Malama a kan nawa, na haɗiye. Na ce masa shi dai ya aika, na kashe wayar ina huci. Na yi ta gaya wa kaina ai saura kwana uku, wane irin ruwa ne ba ya ɗaukewa?

Ita kuma Malama kullum in an tashi daga makaranta sai ta biyo ta shagona. Ba ta tambaya ta ko ya aiko. Za ta zauna a benci kusa da tarin yadi, ta ɗora wayarta a cinya, ta kife ta, ta juyo ta, ta sake kifewa. In saƙo ya shigo sai ta yi sauri ta duba, sai ta ga ƙungiyar malamai ce. Takan ce, "An ce ana ruwa a can, ko?" In ce e. Ta ce, "Ni ban taɓa ganin yadda ruwa yake sauka a kan teku ba." Wannan maganar ma na kai masa. Ya ce ai ba a ganin komai.

Rana ta tara ba ta biyo ba. Da la'asar ta turo mini saƙo, kalma uku: "Na sa hannu."

Rana ta goma, saura awa biyu bas ɗinsa ta tashi, gari ya washe. Ya ce tsohuwar ce ta hau da gudu tana buga masa ƙofa tana nuna taga. Ga teku shuɗi shar, ga hasumiya fara tas a kan dutse, ga masunta suna tura jiragensu. Komai ya zauna daidai. Ya danna sau ɗaya.

Ni na tare shi a tasha. Ya sauko yana tari, ya rame, amma fuskarsa a sake, yana cewa zai wanke hoton babba ya sa masa gilashi, sati ɗaya ya isa. A nan na fashe. Na gaya masa komai a tsaye, a gaban masu ɗaukar kaya, takardar, rantsuwar, saƙon kalma uku. Bai zage ni ba, har yau bai taɓa ce mini don me ba. Ya bar mini akwatinsa ya tare mota da jakar kyamara a kafaɗa. A iya sanina wannan ne karo na farko a rayuwarsa da bai tsaya jiran komai ba.

Ya same ta tana ɗaure littattafai a kwali. Ya kunna kyamarar ya miƙa mata, ta kalli hoton a ɗan gilashin bayanta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ya yi kyau, Mai hoto. Sak labulen shagonka." Ta miƙa masa, ta roƙe shi ya sawwaƙe mata. Bayan kwana biyu ya rubuta ya ba ta, ranar Asabar mota ta kwashe kayanta.

Shekara shida ke nan. Yaya yana nan a shagonsa, gashi ya yi fari, waya ta cinye sana'ar, yanzu sai masu neman ɗan hoton takarda suke shigowa. Har yanzu yana cewa kar a motsa, sai dai ya rage jinkiri, ba don ya canza ba, don ya daina damuwa ne. Labulen teku ya naɗe shi ya jingina a bayan ƙofa. Hoton hasumiyar bai taɓa wanke shi ba. Bai sake aure ba, in na yi masa zancen sai ya ce in duba keken ɗinkina yana jira na.

Bara wayata ta faɗa a bokitin wanki, sai ya ba ni tsohuwar tasa in riƙe. Ina duba ta sai na ga hoto ɗaya tak a cikinta, don shi ba ya ɗaukar hoto da waya. Yaya ne a tsaye a bakin wata ƙofa, jiƙe, wando ya manne a ƙwauri, yana riƙe da laimar da ta juye, ruwa yana ɗiga daga haɓarsa. Bayansa fari fat. Hoton ya girgiza, ya karkace, ga yatsan wani ya rufe kusurwa guda. Kuma dariya yake yi, irin dariyar mutumin da ya ga wautar kansa. Na yi shekaru ban ga wannan fuskar ba.

Na tsallaka titi na nuna masa. Ya ce au, tsohuwar nan ce. Rana ta uku ya sake gwada fita da karyayyar laimar, ya dawo haka, ita kuma ta yi ta dariya har ta karɓi wayarsa ta ɗauke shi. Na ce, "Ka san da wannan a hannunka duk ranakun da nake kiranka?" Ya ce, "Wannan ai ba hoto ba ne. Dubi yatsa."

Na koma shagona na zauna a bayan keke na yi kuka har mai jiran ɗinki ta ce ko mutuwa aka yi.

Watan da ya wuce sayen yadi ya kai ni garin da Malama take. Yanzu ita ce shugabar makarantar, ta auri wani mai kantin magani, mutum mai sanyin hali. Bangon falonta cike yake da hotuna, na waya ne aka wanke, wasu an yanke wa mutane kai, wani mijin ya rufe ido, wani ita tana tauna. Ta karɓe ni hannu biyu, muka ci muka sha, ta tambayi kowa. Yaya ne na ƙarshe, ta ce, "Mai hoto fa?" Na ce yana nan.

Ban yi niyyar nuna mata ba. Ko kuma na yi, don me na taho da tsohuwar wayar alhali na sayi sabuwa? Na buɗe hoton na miƙa mata.

Ta sa tabarau. Ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta duba fuskarsa, ta sauko kan laimar, ta sauko har takalman. Sai ta yi wata 'yar dariya, irin wadda ta fito da ita daga shagonsa ranar farko, ta rufe baki da bayan hannu.

Ta ce, "Ji shi don Allah. Yaushe aka ɗauki wannan?"

Na nuna mata kwanan watan a saman hoton. Na ga leɓenta yana motsi tana lissafin ranaku, na ga dariyar tana sauka daga fuskarta.

Ta ce, "Ranar nan takardar tana cikin jakata. Saura kwana shida in sa hannu."

Na ce, "Malama, laifina ne. Da na karya rantsuwar nan na yi kaffara daga baya."

Ta girgiza kai ta ce ita ta sa ni, ni kuma na cika, ba wanda zai ga laifina. Amma ni ina gani, kuma zan ci gaba da gani. Ta sake kallon hoton, ta shafa gilashin da babban yatsa kamar mai goge masa ruwan fuska. Daga waje muka ji motar mijinta ta tsaya.

Na ce da sauri, "In tura miki shi?"

Ta cire tabarau ta ninke, ta miƙo mini wayar.

Ta ce, "A'a, ƙanwata. Ba ke ya kamata ki aiko ba."

Ta tashi ta je buɗe ƙofa.